Harajin Lafiya da Ƙafar Gwaggo

A shekarar da aka ba mu jiha ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare a Argungu. Ina da 'ya'ya biyu a lokacin. Maigidana manomi ne, shinkafa da damina, albasa da rani, a fadamar da ya gada wajen mahaifinsa. Ban taɓa kawo wa raina shiga siyasa ba. Iyakar abin da na sani game da ita shi ne ofisoshi biyu da soja suka gina wa jam'iyyu biyu a bakin hanya, iri ɗaya sak, fenti kaɗai ya raba su.

Wanda ya jawo ni ciki wani malamin gona ne da ya ajiye aiki ya tsaya takarar majalisar jiha. Mun san shi sani na gaske. Shi ke kawo wa maigidana irin albasa a bayan babur, su zauna a zaure su sha fura, ya tashi da laka a ƙafar wandonsa. Wata rana bayan la'asar ya yi sallama, ya nemi izinin maigidana, aka kira ni na tsaya daga bakin ƙofar zaure.

"Malama," ya ce, "ni ba ni iya shiga gidajen mutane in yi magana da matansu. Ke kina iyawa. Ɗiyansu na hannunki, suna jin maganarki. Ki taimake ni, ki taimaki garinga."

Na tambaye shi abin da zan gaya wa matan.

"Ki gaya musu gwamnati ta matso kusa. Dauri sai an tahi Sakkwato, yanzu ga ta nan Birnin Kebbi, tahiyar awa guda. Ki ce musu asibitinmu za shi cika da magani. Mace ba ta ƙara haihuwa a ce ta kawo kananzir a zuba ga fitila. In sunka ga ba daidai ba, ƙofata buɗe take."

Maigidana ya ce shi bai hana ba, amma in riƙa dawowa kafin magariba. Ni kuwa raina ya kwanta da maganar, domin a asibitin nan na haifi ɗana na biyu, kuma da kaina na aika aka sayo reza.

Na san in dai mata ake nema a unguwarmu, to sai an bi ta hannun Gwaggo. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyata. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta sake aure ba, ta riƙe kanta da bandar kifi. Da sassafe take sauka bakin gulbi ta tari masunta, ta dawo da kwando a ka, ta wuni gaban murhun banda idanunta na zubar da ruwa saboda hayaƙi. Babu gidan da ba ta shiga, babu haihuwa ko rasuwar da ake yi ba ta je ba. Mace ce mai faɗa, amma in ta ce abu kaza gaskiya ne, mata ba sa sake tambaya.

Da na kai mata maganar sai ta dube ni ta daɗe, tana juya kifi a kan waya.

"Ke kin yarda da shi?"

Na ce na yarda.

"To ni ban san shi ba sai ga babur. Ke nis sani. In kin yarda, na yarda."

Haka muka fara, ni da ita, gida gida. Na lura da abu guda a duk yawon nan: babu macen da ta tambaye ni kwalta ko lantarki. Maganarsu ɗaya ce, asibiti. Wannan ta ce zazzaɓi ya ɗauke mata yara biyu a damina guda. Waccan ta ce ta yi kwana uku tana naƙuda kafin a sami motar kai ta. Ni kuma ina zaune a kan tabarmarsu, ina shan ruwansu, ina cewa da bakina, "Wannan duk ya kusa ƙarewa." Gwaggo na gefe tana gyaɗa kai.

Zaɓen wancan lokaci ƙato bayan ƙato ne. Ba a jefa ƙuri'a a ɓoye, hoton ɗan takara ake kafawa, masu son sa su jeru a bayansa a ƙirga su kowa na gani. Ranar, layin matanmu ya tashi daga bakin aji ya wuce rijiyar makaranta ya lanƙwasa bayan katanga. Akwai matan da rabonsu da fita da rana tun ranar da aka kai su ɗaki. Akwai waɗanda mazansu ke tsaye a layin ɗaya jam'iyyar suna hararar su. Gwaggo ce a gaba, ta rufe banda ranar, ta yi asarar cinikin wuni guda. Malamin gona ya ci. Da yamma ya zo har ƙofar gidanmu, mutane na bin sa, ya ɗaga hannuna sama a gaban jama'a har na ji kunya.

Bayan rantsuwa ya koma Birnin Kebbi. Watan farko yana zuwa duk Juma'a. Daga nan sai sati biyu-biyu. Daga nan sai dai mu ji an ce motarsa ta wuce.

Ba a fi wata huɗu ba sai mai shela ya zaga unguwa yana cewa hukuma ta sa harajin lafiya. Kowane baligi zai biya, har mata masu sana'a, ban da harajin da maza suka saba biya. Kuɗin ya kai na kwanon shinkafa biyu. Kafin azahar tsakar gidana ta cika da mata. Ba faɗa suka zo yi ba, tambaya suka zo yi, domin a wurinsu ni ce jam'iyya.

Na yafa mayafi na tafi ofishin jam'iyya. Na tarar da sakatare shi kaɗai, ya ɗora ƙafa a kan tebur yana sauraron rediyo. Ya ce ai wannan shi ne alkawarin da aka yi, da kuɗin za a cika asibiti da magani, wanda ya biya ya sauke nauyinsa. Ban tambaye shi ko a rubuce yake ba. Ban tambaye shi ko wanda ya biya zai sha magani kyauta ba. Na ji abin da nake so in ji, na dawo na gaya wa mata su biya, su adana rasit. Wannan laifina ne, kuma ban taɓa ɗora wa wani shi ba.

Gwaggo ce ta fara biya a unguwarmu. Ta naɗe rasit ɗin a leda ta ƙulle a bakin zanenta.

Magani ya zo asibiti, wannan gaskiya ne. An buɗe wata sabuwar taga an sa mata ƙarfe, ana hango kwalaye a jere. Amma da kuɗi ake miƙo shi. Sannan aka ƙara kuɗin kati. Aka ƙirƙiro kuɗin gado, da kuɗin gwajin jini, da kuɗin wanke ciwo. Kafin shekara ta zagayo aka ƙara harajin kansa, aka ce tsadar kaya ce. Mu malaman makaranta kuma a lokacin albashinmu sai ya yi wata biyu, wata uku, bai zo ba. Mata suka rage shigowa gidana. In na haɗu da su a wurin suna sai a gaisa sama-sama, a juya a ci gaba da wata hira.

Da damina ta yi tsakiya, ƙayar ƙurungu ta soki Gwaggo a tafin ƙafa. Tana zaɓen kifi a bakin gulbi, ɗaya ya faɗo daga kwando ta taka shi. Abin da ya sha faruwa da ita ne, ta cire ƙayar ta ɗaure da tsumma ta ci gaba da harkarta. Ba mu san tana da ciwon sukari ba, ita ma ba ta sani ba. Bayan kwana huɗu ƙafar ta kumbura, sai ta ɗingisa ta tafi asibiti ita kaɗai, da rasit ɗinta.

Ban ji wannan labari ba sai daga baya, daga bakin wata ma'aikaciyar jinya da muka yi makaranta tare. Ta ce Gwaggo ta kwance bakin zane ta miƙa takardar a tagar kati, aka ce mata wannan ba ta aiki a nan. Gwaggo ta ce ai ta biya, har sau biyu. Aka ce wancan haraji ne, wannan kuɗin kati ne, kuma bayan kati akwai na wanki da na allura. Gwaggo ta ce ɗiyarta malama ce, ita ta ce mata a biya a adana. Mutanen da ke layi suka yi dariya. Ma'aikaciyar ta ce ta fito da gudu don ta shigar da ita ko ta bayan fage, ta tarar har ta kai bakin ƙofa, ta kira ta ba ta waiwayo ba.

Kwana goma Gwaggo ba ta gaya mini ba. Ina ta fama da jarrabawar yara, na aika mata da tuwo sau biyu, aka ce tana godiya. Ranar da na je, tun daga zaure na ji babu ƙamshin banda, murhu a mace. Da na ɗaga labulen ɗakinta wani wari ya tare ni. Tana kwance, an shafa wa ƙafar wani baƙin magani na gargajiya, yatsun sun canja launi.

Na ce, "Gwaggo, mi yas sa ba ki aiko ba?"

"In aiko in ce miki mi?"

"Ki ce ba ki da lahiya!"

"In ce miki takardar da kinka ce in ɓoye, an yi mani dariya da ita? Ke da ko albashi ba a ba ki ba? Ban son ki ji kunya gabana."

Na zauna a bakin gadon. Har yau in na tuna maganar nan sai in ji kamar in fasa wani abu. Tsohuwa ta kwanta ƙafarta na ruɓewa don kada ni in ji kunya, waɗanda suka jawo abin kuwa ko sunanta ba su sani ba.

Maigidana ya fitar da buhunan shinkafar da muka ajiye don ci ya sayar a ranar. Muka kai ta asibiti, likita ya duba sau ɗaya ya ce wannan ya fi ƙarfinsu, a wuce Birnin Kebbi. Muka ɗauki shatar a-kori-kura, aka shimfiɗa mata katifa a baya, na zauna na riƙe kanta a cinyata, ruwa na yayyafi muna rufe da leda.

Birnin Kebbi a lokacin gari ne da aka ɗora wa kayan da bai shirya ɗauka ba. Ma'aikatan da aka kwaso daga Sakkwato sun cika ko'ina, wasu ofisoshin a shaguna suke, wasu a ajin makaranta. Ko'ina ana gini, ko'ina sababbin motoci masu lambar gwamnati suna fantsama wa mutane ruwan kwata. A asibitin da aka kai mu aka gwada jininta aka ce sukari ne, kuma ƙafar ba ta tsira, sai an yanke daga ƙasan gwiwa. Aka miƙo mini takarda mai tsawo: ruwan ƙari, auduga, bandeji, safar hannu, zaren ɗinki, allurai, jini leda biyu. Ba za a shiga da ita ba sai an kawo duka. Ban ga laifin ma'aikatan ba. Na ga wata da idona tana wanke safar hannu tana shanyawa a taga don ta sake amfani da ita.

Abin da ke hannunmu ya sayi rabi. Maigidana ya koma Argungu neman sauran, ni kuma na ce bari in je in ga wakilinmu, tunda ya ce ƙofarsa a buɗe take.

Na fara zuwa inda majalisa ke zama, aka ce suna taro. Na jira har azahar, aka ce sun fita ta baya. Washegari na hau kabu-kabu, babur ɗin haya, zuwa Gesse, inda aka ba su sababbin gidaje. Maigadi ya tambaye ni ko ina da alƙawari da Onarabul. Na ce ya gaya masa Malama ce daga Argungu. Ya shiga ya fito ya ce Onarabul na hutawa. Na zauna a kan wani bulo a gindin katanga tare da wasu maza huɗu, biyu daga cikinsu na gane su, sun tsaya a layinsa ranar zaɓe. Ɗaya ya ce mini kwanansa uku yana zuwa.

Sai a rana ta uku na shiga, shi ma don na tare motarsa ne a bakin ƙofa na ƙi matsawa. Ya sauke gilashi, ya dube ni, na ga yana lalube a kansa.

"Ni ta, Malama," na ce. "Matar mai albasa."

"Af! Malama! Shigo, shigo."

Falon cike yake da mutane, manyan riguna, ana ta gardama. Na zauna a kan kafet daga gefe kusan awa guda ina saurare. Maganarsu a kan wa za a ba shugabancin wata hukuma ne, da yadda ɓangaren wane ya kwashe kujeru ya bar ɓangaren wane, da rancen mota da aka ce an rage musu. Ransu a ɓace yake da gaske, wani har yana buga hannu a kujera. Ban ji an ambaci asibiti ba, ko haraji, ko farashin gero, ko sau ɗaya.

Da ya juyo gare ni na gaya masa komai. Na gaya masa Gwaggo, wadda ta tsaya a gaban layinsa, tana kwance za a yanke mata ƙafa. Na gaya masa yadda aka yi mata dariya da rasit. Na ce mata sun biya haraji sau biyu, kuma yanzu zuwa asibiti ya fi da tsada, har an koma jiƙe-jiƙe. Na ce ya tashi a majalisa ya yi magana, ko a cire harajin ko a cire kuɗin kati, ɗaya daga ciki.

Ya saurare ni yana kaɗa makullin mota. Da ya buɗe baki na ji har Hausarsa ta canja, ta koma irin ta masu karanta labarai a rediyo, yana yi yana tsoma Turanci.

"Malama, ke mai ilimi ce, ya kamata ki fahimta. Jiha sabuwa ce, ba mu gaji komai ba. Babu inda ake magani kyauta yanzu a duniya. Dole mutanenmu su koyi cewa gwamnati ba za ta yi musu komai da komai ba. Aikinku ne ku wayar musu da kai."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ba haka kac ce in gaya musu ba."

Wani mai babbar riga ya yi dariya ya ce, "Lokacin kamfe daban, lokacin mulki daban, Hajiya."

Onarabul bai tsawata masa ba. Ya sa hannu a aljihu ya ƙirgo kuɗi ya miƙo mini, ya ce in sha ruwa a hanya, in gaida mai jiki, zai shigo ya duba ta.

Na so in ce na watsa masa kuɗin a fuska. Na sha ba da labarin a raina haka. Amma karɓa na yi. Na sa hannu biyu na karɓa, har na ce na gode, domin takardar nan tana cikin jakata kuma saura jini leda guda da zaren ɗinki. Na fito bakin titi na tari kabu-kabu na koma asibiti.

Aka yi wa Gwaggo aiki bayan kwana biyu. Da ta farfaɗo ta ɗaga mayafin ta duba, ta mayar ta rufe, ta ce a ba ta ruwa. Mun yi sati biyar a asibitin. Onarabul bai zo ba.

Mun dawo Argungu da kamar wata biyu sai ga takarda daga ofishin jam'iyya, ana gayyatata taro a matsayin shugabar mata. Wani zaɓen ya matso. Maigidana ya ce kada in je. Na ce sai na je.

An cika ofishin, an kawo manya daga Birnin Kebbi, shugaban jam'iyya na ƙaramar hukuma yana tsakiya. A bayansu an jibge dilolin atamfa da katan-katan na sabulu. Shugaban ya yi bayani mai tsawo a kan yadda ɗaya jam'iyyar ke shirya maƙarƙashiya, sannan ya ce, "Malama, muna son layin mata irin na wancan karon, ko ma ya fi. Ga kaya nan, kowace mace turmi ɗaya a raba biyu, da sabulu."

Na miƙe. Ban shirya abin da zan faɗa ba. Na tambaye su ko akwai wanda ya shiga asibitin garin nan a cikinsu tun da aka ci zaɓe. Na tambaye su ko sun san nawa ne kuɗin kati yanzu. Wani daga cikin baƙin ya faɗi wani adadi, farashin da aka bari tun kafin a ba mu jiha. 'Yan unguwa da ke tsaye a baya suka yi guna-guni.

Na ce, "Kun ji ko? Ba ku sani ba. Kun sa haraji kun ƙara, kun sa kuɗɗin kati kun ƙara, ba ku san ko nawa na ba, don ku in kanku ya yi ciwo Sakkwato kuka tahiya ko Kaduna. Matan da kuka so in tara, ni na shiga ɗakunansu na yi musu ƙarya da sunanku. Wadda tat tsaya gaban layinku tana gida da ƙahwa guda. Yanzu in koma in ce musu mi? In ce ga sabulu?"

Shugaban ya ɗaga hannu ya ce wannan magana ba ta cikin ajandar yau, a bar ta sai bayan zaɓe, za a kafa kwamiti. Wani ya ce daga gefe an saye ni ne. Wani ya ce dama abin da ya sa ba a son sa mata a gaba ke nan. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne fuskokin baƙin nan. Ba su ji haushi ba, ba su ji kunya ba. Kallona suke kamar wadda ta shigo taron da ba nata ba tana neman akuyarta da ta ɓace. Ɗaya yana duba agogo.

Na ajiye musu katin jam'iyya a kan tebur na fita. Babu wanda ya biyo ni. Kafin in kai gida an naɗa matar sakatare a madadina, aka raba atamfa a ranar.

Mata sun karɓi atamfar, ban ga laifinsu ba. Ban shiga gida ko ɗaya na ce kada a fita ba, Gwaggo ma ba ta ce wa kowa komai ba. Tana dai zaune a ƙofar gidanta a kan turmi, sandunan da kafinta ya yi mata a jingine, wata maƙwabciya na sayo mata kifi daga gulbi tana bandawa daga zaune. Duk mai wucewa yana ganin ta.

Ranar zaɓe na bi ta makarantar don in gani. Layin matan bai kai ko inuwar baranda ba. Na ɗaya jam'iyyar ma haka, domin a ƙananan hukumomin da suke riƙe da su labarin ɗaya ne, mutane sun ji. Malaman zaɓe na zaune suna korar ƙuda. Bayan kwana biyu na ji wani jigon jam'iyya a rediyo yana bayanin abin da ya faru. Ya ce mutanen karkara ba su waye ba tukuna, ba su san muhimmancin zaɓe ba, ga kuma aikin gona. Ya ce za a ƙara wayar da kan mata. Na kashe rediyon. Matan da suka tsaya awa uku a rana, suka saɓa wa mazajensu a bainar jama'a, su ne yau ba su waye ba. Babu wanda ya aiko ya tambaye su dalili, har yau ɗin nan.

Ba a daɗe ba soja suka sake karɓar mulki suka rushe jam'iyyun duka biyu. Na ji wasu na kuka da abin, kuma na san akwai abin kuka a ciki. Amma a unguwarmu ban ga wanda ya fasa cin tuwonsa ba. Ofisoshin nan biyu aka kulle su, awaki suka riƙa kwana a barandarsu. Harajin lafiya kuwa bai tafi tare da su ba. An ci gaba da karɓarsa, har daga hannun Gwaggo.

Gwaggo ta yi shekara bakwai bayan haka. Ba ta ƙara sauka bakin gulbi ba. Sau da yawa na so in roƙe ta gafara, da na fara sai ta ce in miƙo mata itace ko in duba yara. Ba ta taɓa bari na ƙarasa ba.

Onarabul kuwa na sake ganin sa sau ɗaya, kamar shekara guda bayan an rushe su. Na je Birnin Kebbi bin takardar ƙarin girma, na shiga kasuwa sayen maganin sukarin Gwaggo, sai na ji ana kira na daga nesa. Shi ne, a ƙasa, ba mota, ya rame kaɗan. Wannan karon bai yi lalube ba, nan take ya gane ni. Hausarsa ma ta dawo irin tamu.

"Malama! Ina maigida? Ina yara? Ya albasa bana?"

Na amsa masa.

"Ina tsohuwar nan mai kihi, gwaggonki? Tana nan da faɗanta?"

Na ce tana nan. Na ce an yanke mata ƙafa.

Ya dafe ƙirji. "Subhanallahi! Yaushe? Allah shi sawwaƙa. Haba Malama, mi yas sa ba ki gaya mani ba?"

Na dube shi sosai don in ga ko wasa yake, ko kunya ce ta sa shi faɗin haka. Ba ko ɗaya. Da gaske bai tuna ba. Ya ci gaba da cewa ana maganar za a sake buɗe siyasa nan gaba, in lokaci ya yi zai zo gida mu zauna, don irinmu ake bukata.

Na ce masa, "Kwana ukku niy yi ina nemanka, har ƙofar gidanka a Gesse. Na gaya maka a falonka, gaban mutanenka. Ka ba ni kuɗɗin ruwa."

Mai kemis ya miƙo mini maganin ya faɗi kuɗin, ya ƙaru a kan na watan jiya. Na biya, na sa a jaka, na wuce tasha don kada motar Argungu ta cika ta bar ni.